Rundunar jiragen bom mai suna Gold Coast: 'yan Ghana ne a ciki, ko suna kawai aka ara?

Ɗan Zongo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihin cikinmu. Jiya da dare ina duba tsofaffin hotunan Yaƙin Duniya na Biyu, sai na ci karo da wata rundunar manyan jiragen bom ta Birtaniya, mai lamba 218, an liƙa mata sunan Gold Coast. Gold Coast kuwa ita ce Ghana ta yau, ƙasar da aka haife ni. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ashe muna da matuƙan da suka je har Jamus suka yi ruwan bama-bamai, amma ko sau ɗaya ba a gaya mana a makaranta ba? Mu nan Kumasi abin da muka taso muka ji shi ne sojojinmu sun yi yaƙi a Burma, Burma. In haka ne, wallahi an ci amanar mutanen nan.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ɗana, rundunar gaskiya ce, sai dai fahimtar ta ɗan karkace. Sunan ne ya zo daga ƙasarku, ba mutanen ba. A lokacin yaƙin, ƙasashen da Ingila ke mulka sun yi ta tara kuɗi domin sayen jirage, ita kuma ta riƙa saka musu da liƙa sunansu a jikin wasu rundunoninta. A 1941 gwamna da jama'ar Gold Coast suka ɗauki ta 218 a matsayin tasu. Amma waɗanda ke shiga jiragen galibi 'yan Birtaniya ne, sai 'yan Kanada da Ostareliya da New Zealand. Mu ma Najeriya an ba mu tamu, ta 91, sai dai ita ƙananan jirage masu farauta take da su, wato Spitfire.

Rundunar ta girmi sunan. An kafa ta a Dover a 1918, aka rushe ta bayan yaƙin farko, aka sake tayar da ita a 1936. Da yaƙi ya ɓarke a Satumban 1939 Faransa aka tura ta da jiragen Fairey Battle, masu inji ɗaya, marasa sauri. A watan Mayun 1940 Jamusawa suka yi musu kaca-kaca. Waɗanda suka tsira suka koma Ingila, aka ba su jiragen Blenheim, sannan Wellington a sansanin Marham. Sai a farkon 1942 suka karɓi Stirling mai inji huɗu, daga nan ne suka zama rundunar manyan jirage da kake magana.

Ɗan Zongo:
Na gode Baba. Jikina ya yi sanyi kaɗan, amma gara da na tambaya.

Sarkin Shakka:
To ni ban ga abin sanyin jiki ba. Wane "jama'a" ne suka ɗauke ta? An tambayi manomin koko ko mai sayar da goro a zongo? Gwamna Bature ne, shi ya yanke, aka ce jama'a. Kuɗin talaka aka karɓa, aka ba shi suna a jikin jirgi ya riƙe.

Ummu Khalil:
@Sarkin Shakka ban ƙi taka ba, amma ka bari a gama ba mu labarin tukuna. Baba Malam, mutum nawa ke shiga irin wannan jirgin, kuma me kowa ke yi?

Bakanike92:
Hajiya bari in amsa wannan kafin Baba ya dawo, don ɓangarena ne. Mutum bakwai ne: matuƙi, mai duba taswira ya nuna hanya, mai auna wuri ya saki bom, mai rediyon oba-oba, injiniya mai lura da injuna da mai, da maharba biyu, ɗaya a gadon bayan jirgin, ɗaya can a wutsiya shi kaɗai cikin sanyi.

Stirling shi ne jirgin bom mai inji huɗu na farko da sojan saman Ingila suka shiga wannan yaƙin da shi. Injunan Bristol Hercules ne a jikinsa. Ƙato ne, amma yana da naƙasu biyu da suka ci rayuka. Na farko fuka-fukansa gajeru ne, ƙafa 99 kacal, saboda haka in an yi masa lodi ba ya iya hawa sama sosai. Sauran manyan jiragen bom ɗin, Lancaster da Halifax, suna can sama da ƙafa 20,000, shi yana ƙasa da su da nisa. Ka ga ke nan bindigogin kakkaɓo jirage shi suka fi samu, kuma bama-baman 'yan'uwansa da ke bisa ta kansa suke wucewa. Na biyu, an rarraba cikinsa gida-gida, bom da ya wuce wajen kilo 900 ba ya shiga, ko da yake a jimla yana iya ɗaukar sama da tan 6 in tafiyar ba mai nisa ba ce. An ce an gajarta fuka-fukan ne don ya shiga ƙofar rumfar ajiye jirage.

Injiniya Mai Ritaya:
Bakanike, komai ka faɗa daidai, ban da na ƙarshen. Wannan magana ta ƙofar rumfa ta yaɗu sosai, amma ƙofofin rumfunan lokacin sun fi ƙafa 100 faɗi. Ma'aikatar jiragen sama ce ta ƙayyade ƙafa 100 a takardar buƙatarta, don kada jirgin ya yi girma da nauyin da filayen ciyawa na wancan zamani ba za su ɗauka ba. Duk wanda ya yi aikin ƙira ya san haka abin yake: a rubuta lamba ɗaya a ofis, bayan shekara shida yaro ɗan ashirin ya biya da ransa. Asarar ta yi yawa har a Nuwamban 1943 aka janye Stirling daga kai hari cikin Jamus. Daga nan 218 ta fi yin aikin zuba nakiyoyi a teku, har zuwa Agustan 1944 da aka ba ta Lancaster.

Bakanike92:
Na karɓi gyara, ranka ya daɗe.

Baƙon Leeds:
Allah mai iko. Shekara uku ina karatu a Leeds, ina wuce wani mutum-mutumi a shataletalen Eastgate, ban taɓa haɗa shi da Ghana ba sai yau. Wani saurayi ne cikin kayan sojan sama yana tsaye a gindin bishiya, yara suna hawa bishiyar, ta can ƙololuwa tana sakin kurciya. Sunansa Arthur Aaron, ɗan garin ne, yana koyon zanen gine-gine yaƙi ya ɗauke shi. Matuƙi ne a wannan runduna ta 218.

Daren 12 ga Agusta 1943 suka tashi daga Downham Market za su kai hari Turin a Italiya. Suna dab da garin aka buɗe musu wuta. Mai duba taswirarsu, ɗan Kanada, ya mutu nan take. Shi Aaron harsashi ya karya masa muƙamuƙi, ya yage wani sashe na fuskarsa, ya huda huhunsa, hannun dama ya daina aiki. Jirgin ya lalace, ba zai iya sake tsallake duwatsun Alps ya koma Ingila ba, sai suka juya kudu suka nufi Afirka. Mai sakin bom, Allan Larden, wanda ba matuƙi ba ne, shi ya zauna a kujerar. Aaron ba ya iya magana, sai ya riƙa rubuta masa umarni da hannun hagu. Aka yi masa allurar rage zafi aka kwantar da shi, ya ƙi kwanciya, ya sa aka mayar da shi gaba. Haka suka tsallake Bahar Rum har garin Bône a Aljeriya, wanda yanzu ake kira Annaba. Sau huɗu suna gwada sauka, sai a na biyar Larden ya dire da jirgin. Bayan awa 9 Aaron ya cika. Shekararsa 21. An ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, kuma kabarinsa yana nan Annaba.

Ummu Khalil:
Innalillahi. Shekara 21, sa'an ɗana na biyu ke nan. Na karanta har ƙarshe da ƙyar.

Tsohon Malami:
Akwai abin da ya kamata a ƙara a kan na Baƙon Leeds. Takardar lambar yabon ta ce jirgin abokan gaba ne ya harbe su. Amma abin da masu bincike suka fi rinjaya a kai daga baya shi ne maharbin wutsiyar wani Stirling ɗin ne, nasu na gida, ya ga inuwa a duhu ya ɗauka maƙiyi ne. Ɗaruruwan jirage ne ke tafiya tare cikin dare ba fitila, kowa a tsorace. Irin wannan ba sau ɗaya ya faru ba.

Sarkin Shakka:
Ina jin tausayin yaron, Allah ya sani. Amma me ya je yi Turin? Ba bom ya ɗauko zai zuba wa mutane suna barci ba? Mun tsaya muna juyayin mutum bakwai da ke sama, na ƙasan fa? Wannan rundunar da ke ɗauke da sunan ƙasar Ɗan Zongo tana cikin jirage 1,047 da aka tura birnin Kolon na Jamus a daren 30 ga Mayu 1942. Tana cikin waɗanda suka je Hamburg a Yulin 1943, inda wuta ta zama guguwa, mutum wajen 40,000 suka mutu cikin kwanaki kaɗan, mata da yara da tsofaffi a ramukan ɓuya. Arthur Harris da ke shugabantar duka jiragen bom ɗin bai ɓoye ba, unguwannin zama yake nufi, ba masana'antu kaɗai ba. Ni da ɗan Ghana ne, ba zan so sunan ƙasata a wurin ba.

Jikan Saja:
Malam Sarkin Shakka, wa ya fara? Warsaw fa, da Rotterdam, da Coventry da Jamusawa suka yi wa ruwan bama-bamai, da Landan da aka yi wata da watanni ana yi mata ruwan wuta? Kuma ka san abin da Hitila ya ɗauki baƙar fata. Da ya ci yaƙin nan, da ni da kai ba mu zauna muna muhawara ba.

Sarkin Shakka:
Laifin wani ba ya wanke na wani. Jaririn Hamburg bai jefa wa Coventry komai ba.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ku duka biyun kuna da hujja, kuma Turawan da kansu sun kasa rabe wannan gardama. Bayan ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Dresden a Fabrairun 1945, inda mutum kusan 25,000 suka mutu, Churchill da kansa ya fara ja da baya daga abin da shi ya amince a yi. Da aka ci yaƙi aka yi ta raba yabo, sai aka yi shiru a kan mutanen jiragen bom. Cikin kusan mutum 125,000 da suka yi wannan aikin, 55,573 ba su dawo ba. Ku auna, kusan rabi. Duk da haka sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Green Park da ke Landan, lokacin mafi yawan waɗanda suka tsira sun riga sun mutu. Ni abin da ke damuna shi ne waɗanda suka ba da umarni sun tsufa a gidajensu, nauyin kunyar kuma aka bar wa yaran da aka aika.

Tsohon Malami:
A daren farko na Hamburg ɗin ma, 24 ga Yuli, ita 218 ta rasa kwamandanta, Saville, mutumin Ostareliya. Ƙa'idar ita ce mutum ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu. Da yawa ko goma ba su kai ba.

Ɗan Fort Lamy:
Salamu alaikum daga Njamena. Ku yi haƙuri in ɗan karkata, don na ga ana maganar kamar yaƙin sama bai taɓo mu ba sai ta suna. Ya taɓo mu da gaske. Tun daga Satumban 1940 ake kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, can ƙasar Ɗan Zongo, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa nan garinmu da ake kira Fort Lamy a da, su wuce El Fasher da Khartoum har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Abin da ya buɗe ta shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a Agustan 1940. Jamusawa sun san muhimmancinta, shi ya sa a Janairun 1942 jirginsu guda ɗaya, Heinkel, ya taso daga kudancin Libiya ya jefa wa filin jirginmu bom, ya ƙone man da aka tara. A hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka a hamada. Kakata tana yarinya lokacin, har ta rasu tana ba da labarin baƙin hayaƙin da ya rufe gari da yadda suka gudu bakin kogi.

Ɗan Fagge:
Wannan gaskiya ne. Kakana leburanci ya yi a filin jirgin Kano a shekarun nan, gangunan mai suke gangarawa. Ya ce hannunsa har ya mutu da kanta. Ba a rubuta sunansu a jikin komai ba.

Jikan Saja:
Haka na Jos. Da Japan ta ƙwace Malaya aka rasa kuza, daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso mutane daga ƙauyukan Arewa a tilasta musu haƙa a kan tsauni, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Nawa kakan kuma Burma aka kai shi, cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ya ce har sojojin Gold Coast da Hausa suke magana da su a bariki. Lambobinsa suna nan cikin wata tsohuwar adaka a ɗakin mahaifiyata.

Ummu Khalil:
Mun yi nisa da tambayar Ɗan Zongo fa. Ni har yanzu ina so in ji, babu ɗan Afirka ta Yamma ko ɗaya da ya shiga irin waɗannan manyan jiragen?

Hajiya Mai Alƙalami:
Akwai, 'yar'uwa, kuma ɗaya ya kusanci wannan rundunar sosai. Johnny Smythe, haifaffen Freetown a Saliyo. Mai duba taswira ne, kuma hafsa. A Agustan 1943 aka yanki wani ɓangare na 218 aka kafa sabuwar runduna, ta 623, a sansani ɗaya, Downham Market, da irin jirgi ɗaya, Stirling. Can aka tura shi. Daren 18 ga Nuwamba 1943 aka harbo su a sararin Jamus, ya diro da lema yana da rauni, aka kama shi. Ya zauna a sansanin fursunoni na Stalag Luft I har sojojin Rasha suka iso a 1945. Ku yi tunanin baƙar fata, dogo, cikin kakin hafsa, a hannun 'yan Nazi. Bayan yaƙi ya karanta shari'a ya koma gida, ya kai babban matsayi a ma'aikatar shari'ar Saliyo. Ya rasu a 1996.

Bakanike92:
Mu ma muna da namu. Akin Shenbanjo, ɗan Najeriya, mai rediyo ne a runduna ta 76 masu Halifax. Abokan aikinsa saboda shi suka raɗa wa jirginsu suna Black Prince, kuma an ba shi lambar yabo ta DFC.

Ɗan Zongo:
Allahu Akbar. To ashe tunanina bai faɗi ƙasa banza ba gaba ɗaya. Wato Smythe da yaran 218 fili ɗaya suke tashi, wataƙila ma ɗakin cin abinci ɗaya. Wannan zan gaya wa ɗalibaina.

Injiniya Mai Ritaya:
Tunda Malam Sarkin Shakka ya kawo dararen da suka fi muni, bari in kawo wanda ni ya fi burge ni, daren da 218 ba ta jefa bom ko ɗaya ba. Daren 5 ga Yuni 1944 ne, wayewar garin da sojojin ƙawance za su sauka gaɓar Normandy a Faransa. Ana so Jamusawa su zaci ta wajen Boulogne za a shigo. Sai aka ba Stirling guda 6 na wannan rundunar aikin ƙirƙirar ayarin jiragen ruwa na ƙarya. Suna zuba siraran yankan takardar alminiyam, wadda na'urar hangen jirage ke gani kamar wani ƙaton abu. Wahalar a nan take: jirgin sama yana da sauri, jirgin ruwa kuwa tafiyar hawainiya yake. Don haka sai su yi dogon zagaye, su dawo, zagaye na gaba ya ɗara na baya da ɗan kaɗan, ana jefa damin takardar bisa agogo, daƙiƙa ba ta wucewa. A ƙasa kuma ƙananan jiragen ruwa suna jan balan-balan masu mayar da saƙon na'urar. Awa da awanni ana haka cikin duhu. An zaɓe su ne saboda sun ƙware da na'urar G-H, wadda ke gaya wa jirgi daidai inda yake ta hanyar saƙo tsakaninsa da tashoshi biyu a ƙasa. Aikin nasu sunansa Glimmer. Runduna ta 617, masu fasa madatsun ruwan Jamus, sun yi irinsa a daren ta wajen Le Havre, amma su kowa ya san su. Abin da ya ƙara ba ni sha'awa, tambarin 218 kwalbar yashi ce ta auna lokaci.

Hajiya Mai Alƙalami:
Kuma a ƙarshen Afrilu da farkon Mayun 1945, daga sansaninsu na Chedburgh, buhunan abinci suka riƙa jefa wa mutanen Holan da yunwa ta galabaita, sannan suka yi jigilar fursunonin yaƙi zuwa gida. A Agustan shekarar aka rushe rundunar.

Sarkin Shakka:
Na ji, kuma ban musa ba. Amma buhun gari a Holan bai tayar da wanda ya ƙone a Hamburg ba. Sannan Ɗan Zongo, in za ka gaya wa ɗalibanka, ka haɗa musu da 28 ga Fabrairu 1948. Tsofaffin sojojin Gold Coast da suka dawo daga yaƙin suka yi tattaki a Accra za su kai wa gwamna kuka a kan haƙƙinsu, aka bindige uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Shekara bakwai kacal bayan an rubuta sunan ƙasar a jikin jirage.

Ɗan Zongo:
Wannan kam mun san shi, duk shekara ana tunawa da su. Zan haɗa. Sai dai har yanzu zuciyata ta rabu biyu. Ina karanta na Aaron sai in ji ba na ƙin sunanmu a wurin, ina karanta naka sai in ji akasin haka. @Baƙon Leeds don Allah ko za ka ɗauko mana hoton mutum-mutumin? Ina so in ga ko an ambaci Gold Coast a rubutun da ke jikinsa.

Baƙon Leeds:
In sha Allahu ranar Asabar, bayan na taso daga aiki. Zan ɗauki rubutun kusa-kusa yadda zai karantu.

Jikan Saja:
Ni ma bari in kira Hajiyarmu ta buɗe adakar nan. Akwai wata takarda a naɗe tare da lambobin, ban taɓa warware ta ba.